Tankaɗe a Bayan Labule

Har yau ban manta da ranar da aka yi tankaɗen gari a cikin ɗakin jinyar yara ba, kuma da izinin matiran aka yi shi. Kun ce in ba ku labari guda kafin in rataye farar rigar nan in koma gida renon jikoki, to ga shi. Mai waya a hannu ta kife ta a cinya, don ni ba na maimaita magana.

Damina ta yi tsakiya a lokacin, cikin watan Agusta, ba a jima da maido ni Gusau daga Tsafe ba. Matsayina babbar jami'ar jinya, wato in ina bakin aiki ɗakin yara a wuyana yake, ƙananan nas-nas suna ƙarƙashina. Sama da ni akwai matiran, Madam Esther, mace mai tsauri wadda in ta shigo ɗaki har ƙuda sai ya natsu. Ga waɗanda ba su san tsarinmu ba, duk yaron da aka kwantar mutum guda ake yarda ya zauna a bakin gadonsa, shi muke kira mai jinya. Shi muke tambaya abin da yaro ya ci da abin da ya fitar, shi muke koya wa yadda ake ba da magani. Sauran dangi sai bayan la'asar, lokacin dubiya. Doka ke nan. Amma kun san mutanenmu da dubiya, in mai gadi ya tare ƙofa sai ka ga kawuna ta taga.

Ina aikin safe aka kawo shi daga wani ƙauye da ke gindin dutsen Kwatarkwashi, a ƙaramar hukumar Bungudu. Yaro ne da bai wuce shekara bakwai ba, gudawa da amai sun tatse shi, ga masassara. Idanu sun faɗa, leɓe ya bushe, in ka ja fatar cikinsa sai ta tsaya ta ƙi komawa. Sunansa a kati Sanusi, amma cikin waɗanda suka kawo shi ban ji wanda ya faɗi sunan ba. Kakarsa ce ta rungumo shi, wata tsohuwa 'yar firit da ake kira Inna Kulu, tana ce masa Mai Sunan Malam, don sunan marigayi mijinta ya ci. Ubansa Lawali manomi ne, dogo marar magana, yana ta kai da kawowa tsakanin wurin kati da wurin magani. Can baya kuma ga wata matashiya ɗauke da tabarma da buta da wata tsohuwar jaka. Ta ajiye tabarmar tsohuwa a bakin ƙofa, ta koma baranda ta zauna. Na tambaya wa zai yi jinya, tsohuwa ta ce ita. Muka rubuta sunanta, aka wuce wurin.

Likitan da ke duba ɗakin wani matashi ne mai haƙuri. Bai daɗe a kan yaron ba ya jawo ni gefe, ya ce ban da rashin ruwa, yana da larurar nan da ake kira otizim, wadda wasu ke ce wa galahanga. Ba ya magana, ba ya haɗa ido da mutum, kuma ƙara da taɓi da baƙon wuri suna yi masa zafin da mu ba ma ji. Ya ce mu bi shi sannu. Na ce to. Faɗa da baki ai ba wuya.

Muka sa masa ƙarin ruwa a hannun dama, kafin in juya ya fizge allurar, jini ya ɓata zanin gado. Muka koma hagu, muka naɗe da filasta da bandeji, ya sa haƙori ya warware. Ƙafa ma haka. Inna Kulu ta ɗauki cokali da ruwan gishiri da sukari tana lallashi, "Haba angona, haba maigidana, ko kurɓi guda." Shi kuwa ya dantse haƙora, ya toshe kunnuwa da tafukansa, yana buga ƙeya a ƙarfen gado. Keken magani ya yi ƙara, ihu. Janareta ya tashi, ihu. Bayan la'asar 'yan dubiya suka cika ɗakin, mota guda daga ƙauye, kowa sai ya dafa masa kai ya tofa addu'a, kowa da tasa shawarar. Wannan ta ce iska ce a yi masa hayaƙi, waccan ta ce ai tun yana ciki uwar ke fita da almuru. Wallahi raina ya ɓaci, na kore su da faɗa. Suka fita suna cewa nas ɗin nan ba ta da mutunci. Na ce na ji, Allah ya ba mu lafiya.

Washegari da na karɓi aiki, nas ɗin dare ta gaya mini ba abin da ya shiga cikinsa. Jijiyoyinsa duk sun ɓuya, ba inda za a sake soka allura. Rabonsa da fitsari tun jiya. Ku da ke aikin nan kun san ma'anar wannan, waɗanda ba su sani ba kuma, ƙoda ce ke shirin tsayawa. Likita ya zo zagayen safe, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Sista, in na dawo zagayen yamma bai sha komai ba, ba mu da zaɓi. Sai mu ɗaure shi hannu da ƙafa mu zura masa roba ta hanci. Ban san abin da ɗaurin zai yi wa yaro irin wannan ba, kuma zai iya shaƙewa in ya yi ta kokawa. Amma rashin ruwan na san abin da zai yi masa."

Bayan ya fita sai aka soma yayyafi, irin mai laushin nan da ba iska ba tsawa. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya shigo ya danne warin magani, yara suka yi ta yin barci ɗaya bayan ɗaya. Na zo wucewa da tire a hannu sai na ga Sanusi ya yi shiru. Ya juya kai wajen taga, yana kallon ruwan da ke ɗiga daga bakin kwano, yatsunsa na motsi a hankali a gaban fuskarsa kamar yana shafa wani abu da ke rataye a iska. Fuskar nan da ta wuni ta kwana a murtuke ta saki. A lokacin na fara ganin ashe yaron kyakkyawa ne, ga gashin ido zara-zara, ga 'yar wushirya. Na tsaya ina kallon abin da yake kallo har na manta inda za ni da tiren. Ruwa na ɗaukewa ya mayar da tafukansa kan kunnuwa.

A nan matiran ta same ni. Ta duba kati, ta dubi tsohuwa da ke gyangyaɗi a kan kujera, ta ce, "Sista, ina uwar yaron nan? Ta rasu ne?"

Na ce, "Tana nan da ranta, Madam, ina jin ita ce a baranda. Ɗan fari ne."

Ta ce, "A Sabon Gari aka haife ni, ba sai kin fassara mini kunya ba. Amma kunya ba ta taɓa shayar da yaro ruwa ba. Je ki tambaye ta yadda suke yi a gida."

Bari in yi bayani saboda ku 'yan birni da ke rungumar ɗan fari kuna ɗaukar hoto a gaban surukai. A ƙauyukanmu har gobe mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban uwar miji. Ko faɗuwa ya yi a gabanta sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ni ma haka na yi da nawa. Shi ya sa duk ma'aikatan ɗakin muka ga matashiya a baranda ba wanda ya ga abin tambaya, mun saba da abin kamar yadda muka saba da warin asibiti.

Na same ta zaune a ƙasa, ta jingina da bango daidai ƙarƙashin tagar da gadonsa yake. Ashe tun jiya a nan take, duk ihun da ya yi a kanta ya sauka. Sunanta Shafa'atu. Na zauna kusa da ita na miƙe ƙafa kamar mai neman hutu.

Na ce, "Ke ce uwar Sanusi?"

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi.

Na ce, "To, ba sai kin amsa ba. A gida wa ke ba yaron nan abinci?"

Ta ce, "Inna."

"In Inna ta tafi unguwa fa?"

Na ce, "Ƙanwata, dube ni. Ni ba surukarki ba ce, ba kuma 'yar garinku ba. Yaron nan in bai sha ruwa yau ba, ina tsoron abin da gobe za ta zo da shi."

Sai magana ta ɓalle mata, a hankali, idonta na kan ruwan da ya kwanta a tsakar asibiti, kamar da ruwan take yi ba da ni ba. Ta ce shi wanga yaro, don haka take kiransa, ba ya ci ba ya sha sai ana tankaɗe. Ɗakinta yana da 'yar taga ta gabas, da hantsi rana kan shigo ta nan ta miƙe siririya har ƙasa. Tun yana rarrafe ta lura in tana tankaɗe a cikin hasken nan sai ya bar kuka ya zuba ido. Daga nan abin ya zame musu ƙa'ida. Takan sakaya ƙofa, ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta sa shi a tsakani bayansa a ƙirjinta, ta ɗaure su tare da zani tamau. Sai ta ɗauki rariya tana kaɗawa, gari na sauka cikin haske, shi kuma yana kallo yana shan kununsa da hannunsa, a wata moɗa da ba mai taɓa ta sai shi. Da yamma su koma bakin ƙofa inda rana ke ratsowa. Gari guda take tankaɗewa, ta juye ta sake, har ya ƙoshi.

Ta ba ni labarin zamansu kamar mai ba da labarin wata ƙasa mai nisa. Sabuwar riga ba ya yarda da ita sai ta wanke ta ta sake wankewa, ta kwana a kanta har ta ɗauki ƙamshin jikinta. Kullum da safe hanya guda yake bi zuwa garken awaki, yana taɓa kowane turke, in an cire guda ranar ba zaman lafiya. Ranar sallah gari na kiɗa su suna ɗaki. Ƙanwarsa ta koyi yin wasa a kusa da shi ba tare da ta taɓa shi ba, takan jera masa tsakuwa ta matsa gefe. In hadari ya haɗo ta bayan dutse shi ke fara sani, sai ya fita tsakar gida ya ɗaga fuska yana jira. Bai taɓa ce mata Inna ba, bai taɓa ce wa kowa komai ba. Amma wata rana masassara ta kwantar da ita, ta farka ta ga ya ɗauko rariyar ya ɗora mata a ƙirji, ya zauna a gefe. Ta ce har yau ba ta sani ba ko yunwa yake ji, ko magani ya kawo mata.

"Mutane na cewa ba shi cikin duniyarmu," in ji ta. "Ni kuwa gani nake shina ganin abin da mu ba mu tsayawa mu gani. In na daɗe ina kallon garin nan tare da shi, Sista, sai in ji kamar ba a ɗaki muke ba. Kamar mun hau can saman dutse, gajimare na wucewa ta ƙarƙashinmu, ba mai kiran kowa."

Na ce, "To me ya hana ki faɗa tun jiya, baiwar Allah?"

Ta ce, "Gaban Inna? Ga dangin ubansa cike da ɗaki? Da ma cewa suke ni na jawo masa. In kuma na rungumi ɗan fari a bainar jama'a, sai su ce ga ta nan, da ma ba ta da kunya."

Ta jawo tsohuwar jakar nan ta buɗe. Rariya ce a ciki, da moɗa, da ƙullin garin gero. Ta ce tun da suka taso daga gida suna nan. Wallahi na rasa ko in rungume ta ko in rufe ta da faɗa. Tausayinta ya kama ni.

Na koma wurin matiran na zayyana mata. Ta cire tabarau ta ce, "Gari? A ɗakin da ke da masu tari?" Na ce haka ne. Ɗakin keɓewa da za mu iya kai shi akwai mai ƙyanda a ciki. Ta ɗan bubbuga biro a tebur, can ta ce, "Ki kai gadonsa ƙuryar yamma, nesa da masu tari. A kashe fankar wajen, ki ja labule. In wani ya yi magana ki ce ni na sa. Kuma ke za ki share." Likita da na gaya masa cewa ya yi ko daka za a yi a yi, in dai yaron zai sha. Labulen da ake magana shi ne mai tayar nan da muke kare marar lafiya da shi in za a yi masa wanki, ko in rai ya yi halinsa.

Saura tsohuwa, kuma nan ne aikin yake. Na shirya dabarata tsaf, zan ce ta je ta yi sallah ta ɗan miƙe a masallacin mata, ni zan kula da shi. Ban kai ƙarshen maganar ba ta ɗago ta dube ni.

Ta ce, "Ɗiyata, korata za ki yi don uwarsa ta shigo?"

Na buɗe baki zan musa, ta riga ni.

Ta ce, "Kin ɗauka ban sani ba? Zana guda ce tsakanin ɗakina da nata. Shekara da shekaru ina jin kukan rariyar nan. In zan shiga wurinta, tun daga bakin rijiya nake fara tari, in yi ta gyaran murya, in tsaya ina yi wa awaki faɗan da ba su yi komai ba, don ta samu ta kwance shi kafin in iso. Tana rufa mini, ina rufa mata. To nan wurin naku ba zana ba rijiya, kowa na kallon kowa. In na buɗe baki na ce ta ɗauki ɗanta, na kunyata ta. In ta ɗauka da kanta, ta kunyata ni. Mi kike so in yi?"

Na ce, "Inna, yaron fa?"

Ta dubi jikanta, ta sa bakin mayafi ta goge ido.

Ta ce, "Ubansa ɗan farina ne. Ga shi nan har furfura ta fito masa a gemu, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Ya yi ƙyanda yana ƙarami, ina bayan ɗaki ina jin kukansa, uwar mijina ke jinya. Allah ya raya shi. Na ɗauka wanga ma haka za a yi." Ta dafa gado ta miƙe. "Ja labulen naki. Ni ina waje."

Sai dai ba rana. Gajimare ya rufe sama tun safe, ni kuwa in shiga in fita ina leƙen taga kamar manomi. Aka yi azahar, aka yi la'asar, 'yan dubiya suka fara taruwa a bakin ƙofa, na sa wata ƙaramar nas ta tsare su a can. Sannan Allah ya yi ikonsa, sama ta tsage ta yamma, rana ta zubo ta tagar ƙurya ta kwanta a kan gadon, ja-ja mai ɗumi.

Shafa'atu ta shigo kai a ƙasa, tana bin bango. Tana shiga bayan labule ta zama wata mace daban. Ta ajiye mayafi, ta hau gado, ta jawo shi tsakanin ƙafafunta, ta kwance zaninta na sama ta ɗaure su tare. Da farko ya sandare. Sai ya juya hanci ya shinshina wuyanta, ya saki wata doguwar ajiyar zuciya, jikinsa ya yi laƙwas. Na ɗora tire a kan ƙafafunsa, na cika moɗar da ruwan gishiri da sukari. Ta zuba gari a rariya ta fara kaɗawa.

Ni dai na sha ganin tankaɗe tun ina yarinya, amma ban taɓa tsayawa na kalle shi ba sai ranar. Garin yana fitowa daga duhu ya shiga haske, sai kowace ƙwaya ta kama wuta, ta yi ta juyawa tana saukowa ba gaggawa, wasu ma su fasa saukar su koma sama. Yaron ya buɗe ido. Yatsunsa suka fara motsin nan nasu. Ya miƙa hannu wajen moɗa, ya kama ta, amma ba ƙarfin ɗagawa, ta suɓuce na tare. Dole uwar ta riƙe masa, ga shi rariya hannu biyu take so, guda ya riƙe guda ya buga.

Na ce ta kawo in yi. Kayya! Ni da injin niƙa ya lalata, rabona da rariya tun ina amarya. Garin ya riƙa faɗowa guda-guda, in yi sauri in yi sanyi. Yaron ya fara gurnani, hannuwansa suka nufi kunnuwa. Hasken kuma ya soma hawa bango yana barin gadon. Daga can farkon ɗakin na jiyo muryar likita ya fara zagayen yamma, gado bayan gado.

Sai muka ji tari a bayan labule. Tari mai tsawo, da gyaran murya. Hannun Shafa'atu ya kai kan ƙullin zani za ta kwance. Inna Kulu ta ɗaga labulen ta shigo, ba ta dubi surukarta ba, ta ce, "Bar shi yadda yake." Ta karɓe rariyar daga hannuna. "Kawo nan, ke da allura aka san ki."

Ta zauna a ƙarshen gado ta ɗaga rariyar cikin haske ta fara. Bugun nan nata daidai da na uwar, ba ragi ba ƙari, wanda ta yi shekaru tana ji ta bayan zana. Gari ya ci gaba da sauka. Hayaniyar 'yan dubiya, kukan jarirai, takun likita, duk sai na ji sun yi nisa, kamar ana yin su a wani gari. Mu huɗu a cikin ɗan wurin nan, ba mai motsi sai hannun tsohuwa. Shafa'atu ta kai moɗa bakinsa. Leɓensa ya taɓa ruwan, bai buɗe ba.

Kwatsam sai inuwa ta rufe mu. Uban ne, ya zagayo ta waje ya leƙo ta taga yana son ya ga abin da ake ciki, tsawonsa ya tare rana gaba ɗaya. Garin ya mutu, yaron ya fara kuka. Tsohuwa ko ɗaga kai ba ta yi ba ta daka tsawa, "Lawali, kauce, ka tare wa yaro haske!"

Mutumin ya yi tsaye kamar an dasa shi. Sannan ya ja da baya a hankali, rana ta dawo.

Shafa'atu ta sunkuya ta sa bakinta a kunnen ɗanta. A hankali ta yi maganar, amma wurin ƙarami ne, duk mun ji. Ta ce, "Sanusi. Sha, Sanusi." Sunan ɗan farinta, sunan surukinta, a gaban matarsa. Inna Kulu ta ci gaba da kaɗa rariya kamar kurma, hawaye na yin hanya a cikin garin da ya rufe mata fuska.

Ina kallon maƙogwaronsa. Ya motsa. Ya sake motsawa. Na cika moɗar, ya shanye, na sake cikawa muna ba shi kaɗan-kaɗan don kada ya amayar. Likita ya iso ya ɗaga gefen labule, ya tsaya jim, ya sake shi ya wuce gado na gaba. Ana kiran magariba yaron ya jiƙa zanin gado sharkaf. Tun da na fara aikin nan ban taɓa murna da fitsari irin ta ranar ba, har da hamdala da ƙarfi.

Da na fito zubar da shara na tarar da Lawali a ƙarshen baranda, ya juya fuska ga bango, kafaɗunsa na rawa. Na ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka, ɗanka ya sha ruwa." Ya gyaɗa kai. Can ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Sista, kin ji Inna ta kira sunana kuwa?" Na ce na ji.

Haka aka yi ta tankaɗe safe da yamma, muna tura gado da labule duk inda rana ta shigo, har aka sallame su. Larurarsa tana nan, ba mu muka ɗora ba, ba mu za mu sauke ba. Bai yi magana ba, bai dubi kowa a cikinmu ba, amma da ƙafarsa ya fita.

To, abin da na ɗauka daga wannan shi ne nake son in bar muku. Yaro irin Sanusi, kafin ku kai hannu jikinsa ku tambaya yadda ake yi da shi a gida, kuma ku yi haƙuri ku saurari amsar ko da ta yi muku kama da shirme, don iyayensa sun yi shekaru suna koyon abin da ku yau kuka fara gani. Kada ku yi faɗa da kunyar mutanenmu, ba za ku ci ba, na gwada faɗa na gani. Ku nema mata abin da za ta fake a bayansa, su da kansu za su san yadda za su yi da ita. Kuma kada ku auna so da kusanci da gado. A ƙasar nan tamu sau da yawa wanda abin ya fi ci a rai shi ne ya fi kowa ja da baya. In kun shiga ɗaki gobe kun gama da na kan gado da na bakin gado, ku daure ku leƙa baranda, ku ga wa ke zaune a can.